Shidar da Na Mayar Bakwai

A watan nan da muke ciki kakana Malam Haruna ya cika shekara biyar da rasuwa. Mu jikokinsa Baba Tsoho muke kiransa. Na san a irin wannan fili dattijai ne suka saba tuna dattijai, ni kuwa shekarata goma sha bakwai, kuma a gidanmu ba mai kirana da sunan yanka. Rediyo ake ce mini, sunan da marigayin ya laƙaba mini, wai ko an ɗauke wuta ni ba na ɗaukewa. Na sauya sunayen mutanen da ke cikin labarin nan, ban kuma faɗi sunan ƙauyenmu ba. Yana nan dai cikin duwatsu tsakanin Roni da Gwiwa.

Ni 'yar fari ce, tun da aka yaye ni aka kai ni hannun kakanni, saboda haka a tsakiyar duwatsun Baba Tsoho na girma. Ya yi shekaru yana aiki da masu binciken ma'adinai na gwamnati, yana bin su daji da guduma. Da ya yi ritaya aikin ya ƙi sakinsa. Da sassafe zai hau kekensa da buhu wofi, la'asar ya dawo yana tura keken, buhu cike. Na taɓa jin keken nan yana nishi, ko a gaban alƙali zan maimaita. Ɗakinsa kuwa, in ka shiga da hanzari sai ka fito da yatsa tara. Kakata, wadda muke kira Iya, takan ce mutum aka ɗaura mata aure da shi, ba ta san ranar da aka musanya mata shi da tsauni ba.

Mutanen gari suna cewa zinare yake nema. Shi kuwa cewa yake yi marasa lafiyar duwatsu yake nema. Yadda ya yi mini bayani, tun zamanin da ba wanda ya san lissafinsa, ruwa mai tsananin zafi ya riƙa tasowa daga can ƙarƙashin ƙasa yana bin tsagogin duwatsu, ɗauke da narkakkun ƙarafa. Duk dutsen da ruwan nan ya ratsa sai ya sauya kama. Baƙi ya koma fari-fari, mai tauri ya yi laushi har ka murtsuke shi da yatsa, wani ya yi ja kamar tsohon kwano mai tsatsa, wani kuma farar jijiyar ƙanƙara ta keta shi. Shi ƙarfen a ɗan wuri ƙanƙani yake ɓuya, amma ciwon da ya bar wa duwatsun kewaye yana da faɗi, kuma ciwon ake bi. Zai fasa dutse da guduma, ya ɗauki na ciki wanda rana da ruwan sama ba su taɓa ba, ya sa a 'yar jakar zane, ya rubuta lamba a jiki, ya rubuta inda ya ɗebo shi a littafi. Daga nan sai ɗakin gwaji a Kano, inda wani tsohon abokin aikinsa yake. A can ake niƙe dutsen ya zama gari, a auna abin da ido ba ya gani. Kullum a cikin jakunkunan yakan haɗa da lafiyayyen dutse guda, don a samu abin kwatantawa.

Nakan ce masa, "Tsoho, ran da ka samo zinaren, ni za ka fara yi wa ɗan kunne."

Sai ya ce, "A wane kunnen? Wanda ba ya jin magana?"

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, dalma. Ya ce sau da yawa tare take kwana da zinare a dutse ɗaya, kuma muddin dutsen yana inda Allah ya ajiye shi, da sauƙi. Ranar da aka fasa shi aka niƙa a cikin gida, ƙurar ta sauka a kwanon abinci da hannun yara, ranar masifa ta shigo. Ya ba ni labarin ƙauyukan Zamfara inda haka ta faru, yara suna suma suna sanƙarewa, iyaye suna zaton iskokai ne. Ranar ce kawai na taɓa sauraron labari har ƙarshe ban tsoma baki ba.

Yanzu ga laifina. Shekarar da zai rasu, yanar ido ta fara rufe masa gani. Shi kuma tun asali da lambobin larabci yake rubuta jakunkunansa, irin na shafukan Alƙur'ani, don da su hannunsa ya fara sabawa. Masu gwaji kuwa na boko suke so, saboda haka in za a aika sai a kwafe lambobin a sababbin takardu a liƙa. A da shi yake yi da kansa. Rannan ya zube jaka bakwai a tabarma, a hargitse, ya kira ni. Ina da shekara goma sha biyu.

"Rediyo, kin iya lambobin larabci?"

"Haba Tsoho, ni da nake tuna wa malaminmu in ya manta?"

Gaskiyar magana, ranar da aka koyar da ɗaya zuwa biyar a Islamiyya ina aji. Ranar da aka koyar da shida zuwa goma ina kan bishiyar mangwaron liman. Na kwafe biyar ɗin farko ba gargada. Saura jaka biyu. Na ɗauki ɗaya, na ga lambar da ke jikinta bakwai ce sak, irin wadda nake rubutawa kullum a makarantar boko. Duk wanda ya san lambobin larabci ya riga ya gane abin da ya faru, domin shidarsu kamanninta ɗaya da bakwai ɗinmu. Na rubuta bakwai na liƙa. Ɗayar jakar lambarta kamar ƙahon saniya, ban taɓa ganinta ba, amma tunda shida ce kaɗai ta rage, na ba ta shida. Na karkaɗe hannu na ce a biya ni ladan aiki da ƙuli-ƙuli.

Bayan wata biyu takardar sakamako ta zo, da ɗan bayani da Hausa wanda abokin nasa ya haɗo. Ni na karanta masa. Jaka shida na farko ba abin a zo a gani. Ta bakwai akwai alamar zinare, akwai kuma dalma mai yawa. Baba Tsoho ya ce in sake karantawa. Na sake.

Ya ce, "Bakwai ai lafiyayye ne. Daga falalen dutsen gefen rijiya na ɓallo shi, don kwatance. Kin tabbata daidai kika kwafa?"

Na ce daidai, har da dafa ƙirji. Kuma a lokacin na yarda da kaina.

Rijiyar da yake nufi tana bakin gonarsa, ita ce kaɗai a unguwarmu ba ta ƙafewa da bazara. Mutane su sha, shanun Fulanin da ke rugar bayanmu su sha. Ya karɓi biro ya rubuta a bayan takardar da manyan baƙaƙe, yana kara ta kusa da hanci: bakwai, gefen rijiya? A sake ɗauka. Ya ce in ruwa ya ɗauke zai je da kansa. Daga ranar ya daina barin ni da Iya mu sha ruwan rijiyar, ya sa ana ɗebo mana na famfo daga nesa, kuma ya kasa gaya wa unguwa komai, don bai tabbata ba, ba ya kuma son ya tayar wa mutane hankali a kan gwaji guda. Nakan gan shi zaune a ƙofar gida yana sauraron ƙarar guga, yara suna wucewa da tulu suna gaishe shi, yana amsawa a hankali. Zazzaɓi ya kwantar da shi kafin kaka. Bai sake ɗaukar ba.

Wata huɗu bayan rasuwarsa malamin Islamiyya ya ce a buɗe shafi na shida, ni na buɗe na daban, ya zo ya ɗora yatsa a kan lambar ya ce, "Wannan ce shida, uwar surutu." Na kalli lambar. Ajin ya yi dariya, ban da ni. Tsohon nan ya tafi kabari yana zaton akwai guba a gefen ruwan da jikokin unguwa suke sha, saboda mangwaro huɗu, biyu ma ɗanyu. Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina mai takardar ya tafi, takarda kuma gara za ta cinye.

Gara ba ta ci ba. Bana ƙanen mahaifina, Baffa Ado, mai sayar da kayan babur a Kazaure, ya zo gyaran ɗakin marigayi ya tsince ta. Baffa ba mugu ba ne, iyali ne suka yi masa yawa, kasuwa kuma ta yi masa kaɗan. Ya karanta gaba, ya juya baya. Inda Baba Tsoho ya rubuta a sake ɗauka, yana nufin a maimaita gwaji don bai yarda da na farko ba, Baffa ya fahimci cewa abin yana da yawa, a koma a ƙara ɗiba. Alamar tambayar kuwa ya ce tsufa ne ya karkata biron. Ya ɗauki hoton takardar a waya ya nuna wa wani, wanin ya tura wa wani.

Bayan ƙaramar Sallah masu haƙar zinare suka iso. Ranar farko babur uku, mako na zagayowa na daina ƙirgawa. Suka kafa rumfunan leda a gonar Baba Tsoho, da janareta, da wata na'ura mai kama da faranti a bakin sanda, wadda ke kuka in ta ji ƙarfe. Ta yi kuka a kan tsohuwar fartanya, ta yi kuka a kan murfin kwalba, duk sanda ta yi sai a yi kabbara. Shugabansu wani dogo ne mai baƙin tabarau da suke kira Ciyaman, bai taɓa ɗaga murya ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Akwai baƙin da ba mu san daga ina suke ba, wasu da sefa, kuɗin Nijar, suke biyan mai shayi. Taku ashirin daga bakin rijiya suka fara rami.

Na sha tambayar kaina me Baba Tsoho zai ce da ya ga wannan. Mutumin da zai yi damina biyu yana zagaya tudu ɗaya kafin ya yarda ya ce wataƙila, ga shi an tara jama'a a gonarsa da hoto guda a waya. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai tsuguna a bakin ramin, ya ɗauki ɓaraguzan da suke fitarwa, ya shafa, ya ce wannan ai lafiyarsa ƙalau, ku bar shi ya huta. Ba kuma wanda zai saurare shi, don ba shi da na'ura mai kuka.

Wata ranar Talata da hantsi Iya ta aike ni maƙwabta aron rariya. Na tarar da matar gidan, Hajara, tana daka a turmin da take dakan fura, amma ƙarar ba ta gero ba ce. Dutse ne masu haƙa suka raba wa matan unguwa su daka musu. Goyonta yana barci a bayanta, farar ƙura ta kwanta masa a ka da gira, yayarsa kuma tana zaune a gindin turmi tana lasar yatsa. Na tsaya ina kallon yaran. In tunanina daidai ne, dutsen nan ba komai a cikinsa, za a rusa mana rijiya ne a banza. In kuma na ruɗe ne, tunda shekara biyar ba kwana biyar ba ce, to abin da Baba Tsoho ya fi tsoro a duniya ne a kan girar yaron nan. Na dawo gida ba rariya.

Na samu Iya da Baffa a ƙarƙashin rumfa yana cin abincin rana. Na durƙusa, abin da ba a saba gani ba, na faɗi komai, har da mangwaron.

Baffa ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "An buɗe tasha. Iya, ba ita ce bara ta ce ta ga kada a kududdufi ba?"

"Guza ne, Baffa, amma babba ne."

"Ba ita ce ta ce malaminsu ya mari yaro har ya manta sunan uwarsa ba?"

Na ce, "Baffa, don girman Allah, wannan ba irin waccan ba ce."

Ya ce, "Kowacce haka kike cewa."

Nan na gane abin da na yi wa kaina. Shekara da shekaru ina mayar da ɓera giwa don a yi dariya, yau ga giwa ta gaske a tsakar gida, ba mai ko ɗaga kai. Na fashe da kuka, Baffa ya ce har kukan ma na shiri ne.

Iya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye maficinta ta ce, "Ado, ni ban san lamba ba, ta larabci ko ta boko. Amma na san ubanka ya yi wata uku yana juyi a kan bakwan nan, yana cewa ba ta yi masa kama ba. Gonar nan ba a raba ta ba, ina da haƙƙi a ciki. A sake ɗauka, yadda shi yake nufi. Kafin amsa ta dawo, duk matar da ta ƙara sa dutse a turmi a unguwar nan, ni da ita ne a gaban mai unguwa."

Washegari na ɗauki gudumar Baba Tsoho, Baffa yana biye da ni yana tsaki. Na ɓallo guda uku daga falalen, na ɗauki biyu daga cikin ramin masu haƙa, Ciyaman yana kallona ta cikin tabarau. Na rubuta kowace lamba da boko, na sake rubuta ta da kalmomi, na sa Baffa ya karanta da ƙarfi. Aka kai wa tsohon abokin nan a Kano, wanda ya ce don marigayi zai sa a yi.

Kwana ashirin da uku muka jira. Matan sun daina daka, don ba mai son haɗuwa da Iya, amma haƙa ba ta tsaya ba. Ramin ya wuce tsayin mutum uku, ya fara karkata ta wajen rijiya. Ruwan guga ya soma fitowa da launin koko. Kowace safiya sai na leƙa gidan Hajara da wata ƙaryar aike, in ɗauki yaron in duba idonsa, in matsa hannunsa, har ta ce ko mayya na zama.

Amsa ta zo, duka biyar ba zinare, ba dalmar da za a damu da ita. Su ma masu haƙar sun gaji da wanke ƙasa suna ganin ƙasa. Cikin kwana uku rumfunan leda suka watse, aka bar mana rami da tulin ɓaraguzai, samarin unguwa suka yi mako suna cikewa. Ruwan rijiya ya kwanta ya koma yadda yake. Na ɗauka an gama.

Ranar da zai tafi, Ciyaman ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar gidanmu, ya gaida Iya da ladabi, sannan ya juyo wajena ya ce, "'Yammata, na ji ke kika gano kuskuren. Allah ya yi albarka. To in bakwai ce shida, ita shidar daga ina aka ɗebo ta?"

Ban taɓa tunanin wannan tambayar ba sai da ya yi ta. Na ce ban sani ba, kuma a lokacin gaskiya na faɗa. Ya yi murmushi ya ce ba komai, Baffa yana da lambar wayarsa.

Littafin da Baba Tsoho yake rubuta wuraren yana cikin akwatin Iya, Baffa bai san da shi ba. Da la'asar ɗin ranar, tana hura wutar tuwo, ta fito da shi daga cikin zani ta miƙo mini. Ta ce tunda yanzu na iya, in nemo mata shafin. Na nemo. Ba yadda za a yi in nemo ban karanta ba. Na san wurin, na san mutanen da ke zaune a gindin tudun, na san 'yan matan da ke kawo nono daga can ranar kasuwa. Iya ta yage shafin ta tura shi ƙarƙashin tukunya.

Ta ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani, Iya."

Ta ce, "To kin manta."

Ban sani ba ko Baba Tsoho zai yarda da ƙona shafin nan. Shi mutum ne mai ganin duk abin da aka auna amana ne, a ajiye wa masu ilimin da za su zo su bi shi a hankali, su gwada ruwa, su gargaɗi mutane kafin a taɓa ƙasa. Wataƙila wata rana in na yi karatun da ya yi, ko wanda ya fi nasa, in koma can da guduma da jakunkuna ta hanyar da ta dace. Amma waɗanda suka fara zuwa ƙofarmu ba su ne ba, kuma ina jin da ya ga ƙurar nan a kan goyon Hajara, da shi zai miƙa wa Iya ashana.

In aka ce me ya rage na Baba Tsoho bayan shekara biyar, duwatsun ɗakinsa an yi dakali da su, ba wanda zai ƙara sanin wanne daga ina. Zinare bai bar ko na hanci ba. Ya bar rijiya mai ruwa, da unguwar da yanzu in an kawo wata magana mai daɗi a waya sai wani ya ce a sake dubawa tukuna. Ni kuwa ya bar mini abin da ya fi ƙarfina. Baffa ya koma zuwa duk Juma'a, da tsire a takarda, yana kirana 'yar albarka, yana jan hira ta wajen tuddai, wanne Tsoho ya fi so, wanne ya fi daɗewa a kai. Ni kuma na san halina, labari mai daɗi yana yi mini ƙaiƙayi a harshe kamar barkono. Wata uku ke nan ina cin tsiren ina ba shi labarin kada.

Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya yafe mini damuwar da na sa shi ya kwanta da ita. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in da saura ya roƙa mini Allah ya riƙe mini bakina, don gobe Juma'a ce.